AYARIN SADAKA DAGA YELWAN YAWURI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da koguna a cikinta, Ya kuma hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, a wannan mako ina so in kai mai karatu garin Yelwa, watau Yelwan Yawuri ta Jihar Kebbi, domin mu duba yadda wani ayarin samari ya shirya ya tashi bisa babura da kayan sadaka zuwa ƙauyukan gaɓar Tafkin Kainji, mu kuma ga dalilin da ya sa tashin irin wannan ayari a wannan ƙasa yake bukatar tsari da natsuwa fiye da sauran wurare.

GARIN DA RUWANSA

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Koko yana nufin Kwantagora, ba makawa sai ya ratsa Yelwa. Garin yana zaune a gaɓar gabas ta Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, kusa da inda kogin ya fara faɗi yana shiga tafki. Nan ne fadar Masarautar Yawuri take, masarautar kuwa ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, watau Yawuri da Shanga da Ngaski. Shanga tana wajen arewa, Ngaski tana wajen kudu, hedkwatarta ita ce Wara, can a bakin tafki. Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabancin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya hau gadon sarauta a shekarar 1999.

Baƙon da ya gangara bakin ruwa ran kasuwa, ƙamshin bandar kifi da na albasa ne za su fara tarbarsa. Ga giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa jere a kwanduna, ga buhunan albasa da shinkafa ana sauke su daga jirage ana lodin manyan motoci masu nufin kudu. A nan zai ga Yawurawa, da Gungawa waɗanda ke kiran kansu Reshe, sunan da Hausawa suka ba su kuwa daga gungu ya fito, watau tsibiri. Zai ga Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Fulani makiyaya. Kowa da harshensa a gida, amma Hausa ce ke haɗa ciniki. Musulunci ne ya yi rinjaye, ko da yake a cikin ƙauyuka akwai Kirista da masu bin al'adar gargajiya. A wannan ruwa ne kuma ake yin wasan Rigata, inda matuƙa jirage ke gwada gwaninta.

Kwara a nan tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina, mai laka, daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa. Sa'an nan akwai baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu bayan ya yi wata da watanni yana tafiya daga duwatsun ƙasar Gini, ya zubar da lakarsa a hanya. Manomi da masunci da matuƙin jirgi duk da waɗannan ruwaye biyu suke lissafin shekararsu. Idan farin ruwa ya yi ƙarfi, kamar yadda ya faru a 2020 sa'ad da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, to, talakan gaɓa shi ke fara kwana da yunwa.

ƘASAR AYARI TUN DA

Ƙasar Yawuri ta san ayari tun zamanin kakanni. Marubuta tarihi suna lissafa ta cikin Banza Bakwai, tsohuwar fadarta kuwa tana Birnin Yawuri ne. Yaƙin basasa na ƙarni na 19 ya sa sarauta ta bar birnin ta koma tsibiri, har zuwa 1888 da Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da Yelwa mazauninsa. A wancan zamani fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano sukan bi ta wannan yanki su ƙetare Kwara da jakunansu, kuma ba su tashi sai da tsari. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da zango. Akwai uban dawaki mai kula da abin da ake biya a hanya, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a.

Akwai wani labari na wannan gaɓa da ya kamata duk mai ɗauke da saƙon wani ya sani. A farkon shekarar 1806 wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan, mai suna Mungo Park, ya gangaro Kwara a jirgi ya iso ƙasar Yawuri. Bisa ga labarin da tafintansa Amadi Fatuma ya bayar daga baya, Baturen ya bar kyautar da ya kawo wa sarki a hannun wani mai gari domin ya isar, shi kuwa mai garin ya riƙe ta, ya ce baƙon bai ba da kome ba. Sarki ya fusata, aka tare jirgin a duwatsun Busa, nan Park da mutanensa suka halaka a ruwa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Birnin Yawuri suka yi makonni suna cigiyar takardunsa. Mai karatu ya lura, kyautar nan ta fita daga hannun mai ita, amma ta maƙale a hannun ɗan saƙo, kuma a nan masifar ta samo asali.

Daga baya ruwa ya sake fasalin ƙasar baki ɗaya. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, daga madatsar har kusa da Yelwa. Tsohuwar Busa da duwatsun nan da suka ci Park duk suka nutse, haka nan tsibirai da gonaki masu yawa na Gungawa da Kambari. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga mazauninsu aka sake musu matsuguni a tudu. Ƙauyukan da suka bazu a gaɓar tafkin, da yawansu nesa suke da kwalta, hanyarsu burji ce ko ta ƙafa, da damina mota ba ta shiga. Saboda haka abin hawa biyu ne ke riƙe da rayuwarsu, jirgin ruwa da babur. Da babur ake kai mai naƙuda asibiti, da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ake fito da buhu zuwa bakin titi.

SHEKARAR 2021

A shekara guda waɗannan abubuwan hawa biyu suka zo wa Yawuri da baƙin ciki. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Allah Ya ji ƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Ba a gama zaman makoki ba, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka zo a ayarin babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka kwashe ɗalibai da malamai. Na ƙarshen 'yan matan nan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin ƙauye da ya ga irin wannan rana, in ya ji rugugin babura da yawa lokaci guda, ya hangi ƙura ta tashi, ba zai tsaya tambaya ba. Mata za su kwashi yara su yi daji, 'yan sintiri kuma za su ɗauki abin da ke hannunsu. Ke nan mutum yana iya ɗauko buhun gero da kyakkyawar niyya ya jefa gari guda cikin firgici, ko ya jawo wa kansa harbi. Abu Dawuda ya ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da firgita Musulmi, ko da kuwa da wasa ne. Wannan shi ne abin da samarin da zan ba da labarinsu suka fara dubawa tun kafin su ɗaura kaya.

DAREN SHIRI

Na sauka Yelwa cikin hunturu, bayan an gama girbi, baƙin ruwa ya fara isowa. Mai masaukina ya gaya mini cewa wasu samarin unguwarsu, waɗansu 'yan kabu-kabu, waɗansu 'yan tireda, da malaman firamare da wani ma'aikacin lafiya, sun yi makonni suna bin 'yan kasuwa da manoma suna tara taimako domin ƙauyukan da ruwa ya ci gonakinsu, kuma gobe Alhamis za su tashi. Suka nemi in zauna da su bayan sallar Isha'i, domin suna da tambayoyi.

Na tarar da kayan a zaure: gero da dawa da shinkafa an rarraba su a ƙananan buhuna yadda babur zai iya ɗauka, da gishiri da sabulu, da gidajen sauro, da tufafin sanyi na yara, da rigunan nan masu hana nutsewa a ruwa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne wani littafi mai bangon kwali da ɗaya daga cikin malaman ke riƙe da shi, an rubuta kowane mudu da kowace naira, da wanda ya bayar, da sharaɗin da ya gindaya. Sun kuma sanar da ni cewa sun kai maganar gaban hakimi, sun sanar da jami'an tsaro hanyar da za su bi da yawansu da lambobin baburansu, an kuma buga wa dagatan ƙauyukan waya tun kwana uku, domin a yi shela a masallatai cewa ayarin da za a gani na sadaka ne.

Babbansu ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, wasu sun ba mu hatsi sun ce zakka ce, wasu sun ce sadaka. Mu haɗa su wuri guda?"

Na ce, "A'a, ɗana, ku raba su tun yanzu, ku sa wa buhunan zakka alama." Na bayyana musu cewa zakka tana da masu ita, kashi takwas, waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma a Mazhabar Imamu Malik matalauci Musulmi ake damƙa wa ita a hannunsa ta zama mallakarsa. Ba a sayar da hatsin zakka a sayi rigunan ruwa ko gidan sauro da kuɗinsa. Gero da dawa da shinkafa suna da zakka idan sun kai nisabi, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar da su, rabin haka in da inji aka yi ban-ruwa. Albasa da kifi kuwa babu zakka a kansu su kansu, sai dai a kan dukiyar cinikinsu in ta cika sharuɗɗa. Don haka yawancin abin da masu albasa da masunta suka ba su sadakar ganin dama ce, ƙofarta kuma ta fi faɗi.

Wani ya ce, "To, Malam, akwai ƙauyen da za mu shiga, rabinsu ba Musulmi ba ne." Na ce sadakar ganin dama tana halatta ga kowane mabukaci, Musulmi ne ko waninsa, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda yake zaune lafiya da mu. Ruwan da ya ci gonar wannan shi ya ci ta wancan, rijiya ɗaya suke sha. In aka shiga gari aka ba wani aka tsallake maƙwabcinsa, an shuka gaba a inda aka je kai alheri.

Sai tambayar man fetur ta taso, tun da yake daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, kuɗin cika tanki ya zama abin lissafi ga talaka. Na gaya musu cewa malamanmu na Malikiyya sun fi son a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in mutanen can sun fi bukata, kuma ladan ɗaukarta ba daga cikinta yake fita ba. Kuɗin sadaka kuwa sharaɗin mai bayarwa ake bi. Wanda ya ce a sayi abinci da kuɗinsa, ba a zuba su a tanki. Ashe ma sun riga sun yi karo-karo na mai a tsakaninsu, wani mai gidan mai kuma ya ƙara musu jarka biyu. Game da rigunan ruwa na shawarce su da su damƙa su ga masu jirage a gaban dagaci a matsayin wakafi, watau ba na sayarwa ba, ba na gado ba, kowane fasinja ya sa ya cire ya bar wa na baya. Malikiyya sun halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, kuma ladan irin wannan yana gudana muddin ana amfani da shi.

Daga ƙarshe muka zo kan salla. Matafiyin da ya nufi nisan mil 48 na lissafin malaman fikihu, watau kimanin kilomita 80, zuwa kaɗai ban da dawowa, sunna ce a gare shi ya yi ƙasaru, ya mai da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, daga lokacin da ya wuce gidajen garinsu. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda, sai ya cika. Na ƙara musu da wani hukunci da ya dace da ƙasarsu: malamai sun ce wanda ya fita domin saɓon Allah, kamar ɗan fashi mai tare hanya, ba shi da rabo a cikin wannan rangwame. Ga hanya ɗaya, ga babur iri ɗaya, amma Shari'a ta sauƙaƙa wa wannan ta hana wancan, saboda abin da ya fitar da kowannensu daga gida.

SAFIYAR TASHI

Sun zaɓi Alhamis, kuma sun dace, domin Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah yana son fita tafiya ran Alhamis, an kuma ruwaito addu'arsa ta neman albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta. Da Jumma'a ce, da an shiga karhanci bayan fitowar alfijir, da haramci bayan rana ta karkata ga wanda sallar ta wajaba a kansa.

Da aka sallame Asuba, hazo ya rufe kogi har ba a ganin ƙetare, sanyi na ratsa ƙashi. Aka jera baburan a ƙofar masallaci, yawancinsu Bajaj ne irin na kabu-kabu. Bakaniken ayarin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana matsa taya, yana taɓa sarƙa, yana gwada birki da fitila, yana duba baƙin mai. A jakarsa akwai tub da kayan faci da fulogi da sifana da famfo. Wani yaro ya ɗaura buhu uku a bayan babur ɗinsa don ƙwazo, bakaniken ya sa aka sauke ɗaya, ya ce yashin hanyar gaɓa ba ya ɗaukar wannan. Babu wanda ya yi masa gardama, domin kowa a wurin ya san abin da lodi fiye da kima ya jawo a ruwan Wara.

Sa'an nan aka naɗa shugaba, bisa ga umurnin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Suka zaɓi mafi shekaru da haƙuri a cikinsu, wani dattijo ya ce ga madugu, sunan kuwa ya bi shi nan take. Aka sa wani ɗan Ngaski wanda ya san kowace mararraba ya zama jagaba, bakanike da ma'aikacin lafiya suka koma can baya, mai littafi yana tsakiya. Madugu ya karanta musu dokokin tafiya. Babu mai wuce jagaba, babu tsere. In babur ɗaya ya tsaya, kowa ya tsaya. Ba a tafiya bayan faɗuwar rana. Kafin a shiga kowane ƙauye za a tsaya daga nesa a kashe inji, kowa ya kwance rawanin da ya rufe fuskarsa don ƙura, mutum biyu su taka da ƙafa su yi sallama da dagaci, sai ya ba da izini a turo babura. Ba a raba kome sai a gaban dagaci da liman, kuma a rubuta.

Wasu biyu suka zo ba hular kwano, ɗayansu ya ce ai Allah ke tsarewa. Na tuna masa da Balaraben nan da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Manya a wurin suka tuna da farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular, har wasu 'yan acaɓa a birane suka riƙa kifa ƙoƙo a ka don su ruɗi jami'ai. Aka yi dariya, aka aro musu huluna daga maƙwabta. Ran mutum amana ce a hannunsa, ba a kuwa ceton wani da jefa kai ga halaka.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Iyaye mata suna leƙe daga zaure suna cewa a sauka lafiya. Madugu ya durƙusa gaban mahaifinsa, tsohon ya dafa kansa ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka kai wa mutane abinsu." Aka tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya, suka fita a jere a hankali, kamar masu rakiyar amarya. Muka bi su a mota har ƙarshen gidajen gari ta hanyar Kwantagora, domin rakiyar matafiyi tsohuwar sunna ce, nan muka yi ban kwana. Gabansu akwai Birnin Yawuri, daga nan su karkata kudu ta hanyar Ngaski su nufi Wara, suna sauka daga titi suna shiga ƙauyukan gaɓa, inda wani wurin sai an ɗora babur a jirgi an ƙetare da shi.

A WASU ƘASASHE

Hawan babur domin taimako ba a Yawuri aka fara shi ba. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan bisa babur cikin watan Afrilu, ya ratsa Turai da hamada, ya iso Legas a ƙarshen Mayu, domin tara kuɗin yaƙi da shan-inna. A birnin Sidni na Ostareliya an fara wani hawan babura na shekara-shekara a 2012, wanda ya bazu zuwa birane da yawa na duniya, ana tara kuɗi domin binciken ciwon daji mai kama maza. Tun ƙarshen shekarun 1980 kuma wasu masu sha'awar tseren babur suka fara aikin da ya zama ƙungiyar Riders for Health, bayan sun ga baburan ma'aikatan lafiya zube a Afirka don rashin gyara, suka mai da hankali ga koya wa ma'aikata kula da abin hawansu domin magani ya isa ƙauye.

A irin na Landan da Sidni, hawan shi ne tallan, ana so jama'a su gani su buɗe aljihu. A gaɓar Kainji kuwa an riga an tara, saura isarwa, don haka bukatar nunawa ta ragu. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta, aya ta 264 kuwa ta yi gargaɗi a kan ɓata ta da gori da cutarwa. Ina jan hankalin samarinmu a kan wayar hannu. A ɗauki hoton buhuna da littafin lissafi a nuna wa waɗanda suka bayar, wannan kyakkyawan bayani ne mai ƙara amincewa. Amma a tsai da magidanci, wanda jiya shi ke ciyar da baƙi, a miƙa masa mudun gero ana ɗaukar fuskarsa a watsa a Facebook, wannan cin mutunci ne, kuma yana iya cinye ladan tafiyar duka.

KIRA

To, jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk ƙungiyar masallaci ko ta unguwa da ke son yin irin wannan aiki, a Shanga ne ko Zuru ko wani wuri da jama'a suka ɗanɗana tsoro, ta fara da sanar da hukuma da sarakuna, ta raba zakka da sadaka, ta riƙe littafi, ta naɗa madugu, ta duba abin hawa. Masu hali na Yawuri da ke zaune a Sakkwato da Kaduna da Abuja su tuna da ƙauyukan da aka tayar domin a haskaka birane da lantarkin Kainji, su aiko da nasu ta hannun amintattu. Masu jirage su daina lodin da ya wuce kima, fasinjoji su sa rigar ruwa in an ba su. Malamai kuma su riƙa zama da waɗannan samari suna amsa tambayoyinsu, domin yaron da ya saba ɗaukar amanar jama'a a bayan babur ɗinsa, da wuya mai ɓarna ya ja shi daji.

Allah Ya zaunar da ƙasar Yawuri da Nijeriya lafiya, Ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mai da duk wanda ke hannun azzalumai ga iyalinsa, Ya shiryi masu ɓarna ko Ya yi mana maganinsu, Ya karɓi sadakar masu sadaka, Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.